Kwamitocin da Suka Gina Sana'a: Tarihin Jami'an Lafiyar 'Yan Wasa a Amurka

A daren Litinin, 2 ga Janairun 2023, a birnin Cincinnati na Amurka, wani ɗan wasa mai shekara 24, Damar Hamlin na ƙungiyar Buffalo Bills, ya yi karo da abokin hamayyarsa a wasan ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga. Ya miƙe tsaye kamar ba abin da ya same shi, sai kuma ya yanke jiki ya faɗi. Zuciyarsa ce ta tsaya. Kafin 'yan kallo su ankara, ma'aikatan lafiya sun rufa a kansa. Ɗaya daga cikinsu, Denny Kellington, ya shiga danna masa ƙirji, aka kuma sa masa na'urar da ke tayar da bugun zuciya da lantarki. Hamlin ya rayu, har ya koma fili a kakar wasan da ta biyo baya.

Kellington ba likita ba ne, ba kuma koci ba ne. Sana'arsa ita ce kula da lafiyar ɗan wasa daga bakin fili: hana rauni kafin ya auku, gano shi idan ya auku, ba da agajin gaggawa, da jinyar mai rauni har ya koma wasa. Sunan da Amurkawa ke kiran masu wannan aiki da shi yana nufin "mai horar da ɗan wasa", suna ne kuwa da ya daɗe yana jawo musu ruɗani, domin jama'a kan ɗauke su masu koyar da motsa jiki. A yau sai mutum ya yi digiri na biyu, ya ci jarrabawar ƙasa, sannan a kusan kowace jiha ya karɓi izinin hukuma, kafin ya tsaya inda Kellington ya tsaya.

Shekara ɗari da suka wuce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa. Ba gwamnati ce ta fara kawo su ba, ba kuma masu ƙungiyoyin wasa ba. Yawancinsu sun fito ne daga kwamitocin 'yan sa kai na wata ƙungiyar sana'a da ake kira NATA, wato ƙungiyar jami'an lafiyar 'yan wasa ta Amurka. Cikin kwamitocinta na yau akwai wanda aikinsa shi ne sada mambobi da ƙungiya da riƙe su a cikinta. Mai duba daga nesa zai ce wannan ne mafi ƙanƙantar ayyuka. Tarihin ƙungiyar ya nuna cewa a kansa sauran suka dogara.

Zamanin bokiti da soso

A 1881 Jami'ar Harvard ta ɗauki James Robinson aikin kula da 'yan wasanta, kuma shi ake yawan ambata a matsayin na farko a wannan sana'a a jami'o'in Amurka. Shi da waɗanda suka biyo bayansa ba su yi karatun lafiya ba. Aikinsu tausa ne, da shafa man zafi, da ɗaure targaɗe, da tsara abin da ɗan wasa zai ci. Kowannensu yana da nasa haɗin magani, yana kuma ɓoye shi, domin sirrin nan shi ne jarinsa. Mai aiki a wannan jami'a ba ya koya wa na waccan, tunda ƙungiyoyinsu abokan hamayya ne.

Wasan kuwa yana cin rayuka. A kakar 1905 jaridar Chicago Tribune ta ƙirga mutum 18 da suka mutu a ƙwallon Amurka. A watan Oktoban shekarar Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa, ya nemi a rage ta'asar. A 1906 aka sauya dokokin wasan, aka kuma kafa hukumar da daga 1910 ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i. An gyara wasa, amma ba wanda ya tambayi irin ilimin mutumin da ke rugawa fili da bokiti da soso idan ɗan wasa ya faɗi.

Abu biyu ne suka fara fasa ɓoye-ɓoyen nan. Na farko littafin Samuel Bilik, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1910, ya tara dabarun sana'ar a wuri guda, aka yi ta sake buga shi shekara da shekaru. Na biyu kasuwanci ne. 'Yan'uwa biyu, Chuck da Frank Cramer, suna da kamfanin man shafawa da kayan ɗauri a garin Gardner na jihar Kansas. Daga 1932 suka fara buga wata ƙaramar mujalla mai suna The First Aider suna aika wa makarantu, suna kuma zagayawa suna koyar da ɗauri da agajin farko. Talla suke yi, babu shakka. Sai dai tallar ta sa mutanen da ke aiki iri ɗaya a garuruwa daban-daban suka fara sanin cewa ba su kaɗai ba ne.

Ƙungiyar da ta mutu, da wadda ta rayu

Ba a 1950 aka fara yunƙurin kafa ƙungiya ba. An kafa wata mai irin wannan suna a 1938, ta rushe a 1944. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe mambobinta zuwa aikin soja, kuɗi ya yi ƙaranci, tafiya ta yi wuya a ƙasa mai faɗin Amurka, kuma babu wani tsari da ke haɗa mamba da ƙungiya tsakanin wannan taro da na gaba. Da waɗanda ke riƙe da ita suka watse, ba abin da ya rage.

A watan Yunin 1950 aka sake gwadawa a birnin Kansas City na jihar Missouri, inda mutum kusan 200 suka hallara. Wannan karon an yi abu biyu daban. Kamfanin Cramer ya ɗauki nauyin kuɗin ƙungiyar a shekarun farko, Chuck Cramer ya riƙe muƙamin sakatare. Sannan an raba ƙasar zuwa yankuna, kowane yanki yana aiko da wakili ɗaya cikin majalisar gudanarwa. Da wannan rabo, mai aiki a wata ƙaramar kwaleji a Teksas ko Montana yana da wanda ya sani, wanda zai kai wa kuka, da taron yanki da zai iya halarta ba tare da ya ƙetare ƙasar ba. Tsarin yankunan nan yana nan har yau, kuma daga cikinsa ake ɗebo yawancin 'yan kwamitoci.

Amma ƙungiyar da kamfanin sayar da kaya ke ciyarwa ba za ta iya cewa likitoci su girmama ta ba. A 1955 mambobi suka karɓi ragamar da kansu, aka naɗa William Newell, wanda aka fi sani da Pinky, a matsayin babban sakatare. Newell shi ne shugaban jami'an lafiyar 'yan wasa na Jami'ar Purdue, kuma bai bar wannan aiki ba. Shekara 13, har zuwa 1968, yana tafiyar da ƙungiyar ƙasa a gefen aikinsa na yau da kullum.

Neman a san da su

Kwamitin da ya fi tasiri a zamanin Newell sunansa ya faɗi damuwarsu ƙarara: kwamitin neman a san da sana'ar. Tambayar da ke gabansa ita ce, me ke raba sana'a da aikin hannu? Amsar da suka cimma abu huɗu ne: ilimi rubutacce, ƙa'idar ɗa'a, karatu tsararre, da hanyar tantance wanda ya cancanta.

Sun bi su ɗaya bayan ɗaya. A 1956 ƙungiyar ta fara buga mujallarta ta ilimi. A 1957 ta amince da ƙa'idojin ɗa'a. A 1959 ta amince da manhajar karatu ta farko, wadda ta nuna irin halin da ake ciki: an tsara ta ne yadda ɗalibi zai fita da shaidar koyarwa a makarantar sakandare, ya kuma cika sharuɗɗan shiga karatun gashin ƙashi da gyaran gaɓɓai. Masu tsarawar sun san cewa ba makarantar da za ta ɗauki mutum domin kula da 'yan wasa kaɗai, sai in zai shiga aji ya koyar.

Daga nan aka yi shiru na shekara goma. Manhajar tana kan takarda, jami'o'i ba su kula ta ba. Sai a 1969 aka amince da kwasa-kwasan digiri na farko a jami'o'i huɗu: Mankato a Minnesota, Indiana State, Lamar a Teksas, da New Mexico. Duk tsawon shekarun nan 'yan kwamiti ne ke rubuta wa shugabannin tsangayoyi wasiƙu, suna bayani, suna sake rubutawa. Ba wanda ya biya su, kuma da yawansu sun san ba su ne za su ci gajiyar abin ba.

Mataki na huɗu shi ne mafi wuya, domin yana taɓa abincin mutane. Wani matashi, Lindsy McLean, ya fito fili ya ce ƙungiyar tana bukatar jarrabawa, aka kuwa ɗora masa shugabancin kwamitin da zai tsara ta. Dattawan da suka yi shekara ashirin ko talatin suna aiki ba tare da digiri a fannin ba suna da dalilin fargaba. Aka sasanta: waɗanda ke cikin sana'ar tun da za a ba su shaida bisa gogewarsu, sababbin shiga kuwa sai sun zauna jarrabawa. A 1970 aka yi zama na farko a garin Waco na Teksas. Bayan shekara ɗaya, a 1971, Teksas ta zama jiha ta farko da ta kafa dokar lasisi ga masu sana'ar.

Sassaucin da aka yi wa dattawa darasi ne a kan riƙe mambobi. Da an ce kowa sai ya zauna jarrabawa, da an ƙare da ƙa'ida mai tsauri da ƙungiyar da rabin 'ya'yanta suka juya mata baya. An zaɓi a jira shekaru su yi aikinsu.

Waɗanda aka bari a bakin ƙofa

Ƙungiyar 1950 ta maza ce zalla. Sai a 1966 mace ta farko, Dorothy Cohen, ta zama mamba. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne ɗakin jinyar 'yan wasa a yawancin makarantu yana cikin ɗakin sauya kaya na maza, saboda haka mace ba ta da hanyar shiga ko da ta yi karatun.

Dokar tarayya ta 1972, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati, ita ta sauya lissafin. Wasannin 'yan mata suka bunƙasa a sakandare da jami'a, bukatar masu kula da lafiyarsu ta ƙaru, mata suka shiga karatun da yawa. Amma shiga sana'a daban, samun kujera a inda ake yanke shawara daban. Shekara 50 cif ƙungiyar ta yi kafin ta zaɓi mace a matsayin shugaba, wato Julie Max a 2000. A yau mata sun haura rabin mambobi.

Baƙaƙen fata sun daɗe a cikin aikin. Naseby Rhinehart ya fara kula da 'yan wasan Jami'ar Montana tun 1935, ya yi shekaru fiye da arba'in a wurin. Duk da haka adadinsu a ƙungiyar bai taɓa kusantar yawansu a cikin 'yan wasan da ake jinya ba, kuma a 1991 aka kafa majalisar ba da shawara kan al'amuran 'yan tsiraru. A duka biyun hanya ɗaya aka bi: masu jin an manta da su suka nemi kwamiti, kwamitin ya zama wurin koyon shugabanci, daga nan wasunsu suka haura zuwa majalisar gudanarwa.

Nasarar da ta zo da matsala

Daga 1971 zuwa 1989 Otho Davis ne babban daraktan ƙungiyar, kuma a mafi yawan wannan lokaci shi ne shugaban jami'an lafiya na ƙungiyar Philadelphia Eagles. Wato har ƙarshen shekarun 1980 mai wani cikakken aiki ne ke jan ragamar. A wajen lokacin saukarsa aka mayar da hedkwata yankin Dallas, aka ɗauki ma'aikata na dindindin. A 1990 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da sana'ar a matsayin ɗaya daga cikin sana'o'in kiwon lafiya. Abin da kwamitin Newell ya sa gaba ya tabbata bayan shekara 35.

A 1989 kuma aka yi wani sauyi da bai ja hankali kamar wancan ba: hukumar jarrabawa ta rabu da ƙungiyar, ta zama mai cin gashin kanta. Dalilin mai kyau ne. Bai dace ƙungiyar da ke kare muradun mambobinta ta zama ita ce kuma alƙalin da ke tantance cancantarsu ba, kuma masu tantance hukumomin jarrabawa sun nemi a raba su. Sai dai sakamakon shi ne, mutum yana iya riƙe shaidarsa da lasisinsa ba tare da ya zama mamba ba. Jarrabawa dole ce, lasisi dole ne, kuɗin ƙungiya kuwa ganin dama.

Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya bayyana irin wannan matsala a littafinsa na 1965 kan aikin haɗin gwiwa. Idan ƙungiya ta yi fafutuka aka kafa doka mai kyau, kowa a sana'ar zai amfana, da wanda ya biya da wanda bai biya ba. Saboda haka mai lissafin aljihunsa kaɗai zai ga ya fi masa ya zauna gefe ya bar wasu su ɗauki jinka. Ƙaramar ƙungiya takan tsira daga wannan, domin kowa ya san kowa, kunya kuma tana aiki. Mutum 200 a zaure ɗaya suna iya lura da wanda bai zo ba. Mutum wajen 40,000 ba za su iya ba.

Sana'ar kanta ta ƙara wa matsalar nauyi. A 2004 aka rufe hanyar samun shaida ta koyon aiki a ƙarƙashin gwani, sai ta karatun da aka tantance. A 2015 aka yanke cewa digiri na biyu ne zai zama matakin shiga, kuma bayan kakar karatu ta 2022 aka daina ɗaukar ɗalibai a matakin digiri na farko. Sabon shiga yana fitowa da bashin karatu mai yawa, ya tarar da aikin dare da na ƙarshen mako, da albashin da ake yawan kuka da shi. Mambobi kuma sun bazu: ban da makarantu da manyan ƙungiyoyin wasa, akwai su a asibitoci, da rundunar soja, da masana'antu, da ƙungiyoyin raye-raye. Wanda ke kula da ma'aikatan masana'anta yana da haƙƙin ya tambaya me ya haɗa shi da ƙungiyar da ta taso daga filin ƙwallo.

Aikin da ba a gani

A nan ne kwamitin sada mambobi ya samo dalilin wanzuwarsa. Aikin irin wannan kwamiti ba shi da armashi: yi wa sabon mamba maraba, tuntuɓar wanda ya daina biya a ji dalilinsa, bayyana wa mutane abin da ake yi da kuɗinsu, haɗa matashi da dattijon da zai yi masa jagora, da kai koken ƙasa zuwa sama ba tare da an tace shi ba. Ɗan kwamiti yana yin haka ne bayan ya tashi daga aikin da ya riga ya cinye masa yini da rabin dare. Abin da yake ƙoƙarin yi shi ne ya mayar wa babbar ƙungiya abin da ƙarama take da shi kyauta, wato sanin juna.

Akwai suka mai tushe a kan tsarin. Aikin sa kai ya fi sauƙi ga wanda mai gidansa zai ba shi lokaci da kuɗin tafiya, wato ma'aikacin babbar jami'a. Wanda shi kaɗai ne ke kula da ɗaruruwan ɗalibai a sakandaren ƙauye ba zai iya barin fili ya tafi taro ba, alhali shi ya fi bukatar a ji muryarsa. Kuma kwamitin da ya koma tallar ƙungiya kawai, yana ƙirga sunaye ba ya sauraro, mambobi kan gane shi da wuri.

Amfanin abin kuwa ana auna shi da rai. A ranar 1 ga Agustan 2001 Korey Stringer, ɗan wasan Minnesota Vikings mai shekara 27, ya mutu sakamakon bugun zafi bayan atisaye a Mankato, garin da ɗaya daga cikin kwasa-kwasan farko na 1969 ya fara. Zafin jikinsa ya haura digiri 42 a ma'aunin Salshiyas. A 2009 wani kwamitin haɗin gwiwa da NATA ta jagoranta ya fitar da ƙa'idar kwana 14 ta saba wa jiki da zafi a makarantun sakandare. A kwana biyar na farko atisaye ɗaya ne a yini, kuma kada ya wuce awa uku. A kwana biyun farko hular kwano kaɗai ake sawa, a na uku zuwa na biyar a ƙara sulken kafaɗa, sai a na shida a sa cikakkun kaya. Haka nan koyarwar da ta yaɗu cewa wanda zafi ya buge a fara tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara nan take kafin a ɗauke shi zuwa asibiti, a sauko da zafinsa ƙasa da digiri 39 cikin minti 30.

Ƙa'ida a takarda ba ta ceton kowa. A Amurka kowace jiha ke tsara wasannin makarantunta, don haka sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. New Jersey ce ta fara ɗaukar ƙa'idar a 2011, wasu suka biyo baya. Masu zuwa gaban hukumomin wasanni da 'yan majalisar jihohi su yi bayani mambobi ne na rassan jihohi, a lokacinsu na hutu. Inda reshe ya yi rauni, babu mai zuwa.

Aikin da ya rage ba kaɗan ba ne. Wani bincike da aka buga a mujallar ƙungiyar a 2015 ya gano cewa kashi 70 cikin 100 na makarantun sakandaren gwamnati da suka amsa suna samun hidimar jami'in lafiyar 'yan wasa, amma kashi 37 ne kawai ke da na cikakken lokaci. Damar Hamlin ya faɗi ne a filin da ke cike da ƙwararru, da na'urori, da motar asibiti a tsaye. Yaro ɗan shekara 16 da zai faɗi a filin wata makarantar karkara a watan Agusta ba lalle ya sami ko mutum ɗaya da ya san abin yi ba. Kafin a sa wani a bakin wannan fili sai an shawo kan hukumar makaranta da majalisar jiha, kafin a shawo kansu sai da ƙungiya mai yawan da za a saurara, kafin ƙungiya ta yi yawa kuwa sai wani ya ɗaga waya ya tambayi abokin aikinsa me ya sa bai sabunta rajistarsa ba a bana.